Mai Kashe Kifayen Hajiya

Ko da za a wanke mini ƙwaƙwalwa da sabulun salo, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tsaya gaban surukaina a falona ina shirin tona asirin mai kashe mana kifaye ba. Ni na shimfiɗa darduma, ni na sa aka dama fura, ni na buɗe zaman da addu'a. Da na san inda maganar za ta ƙare, wallahi daga masallaci tasha zan zarce, in hau duk motar da ta fara cika.

Bari in faro daga tushe. Ni tsohon direba ne, yanzu ina da 'yan motocina da ke jigila tsakanin Rano da Kano, babban aikina kuwa zama a bencin tasha ina ba da labari. (Abokaina sun ce idan na ce na ga giwa, a bincika da kyau, wataƙila ɓera ne ya ci ya ƙoshi.) Maiɗakina Hajiya Rabi 'yar Kibiya ce, sana'arta haɗa turare. Mace ce da idan ta yi dariya a tsakar gida, sai kajin maƙwabta su watse. To ita ce hawan jini ya kayar wata safiya. Ɓarin damanta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Da aka sallamo mu daga asibiti sai ta zauna a kujerar falo, ta juya fuska bango, ta yi shiru. Na kwaso duk labaran da nake kayar da mutane da su a tasha, na zazzage mata. Ko gezau. Ban taɓa sanin gidanmu yana da faɗi haka ba sai da dariyarta ta fita daga cikinsa.

Yayarta, Yaya Asabe, ta taso daga ƙauyen Fassi ta zo jinya. Doguwar mace ce marar yawan magana, wadda tun ina zuwa zance nake tsoronta. Ita ke yi wa Hajiya wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke juya ta.

Ana nan sai autarmu Hafsatu, wadda ke aure a Legas, ta iso da wani akwatin gilashi da ya cinye bayan mota gaba ɗaya. Ta ce likita ya ce a samo wa Hajiya abin da za ta riƙa kallo yana motsi. Kifaye ne a cikin akwatin, amma ba irin namu ba. Mu a Rano kifi biyu muka sani, tarwaɗa da karfasa, su ma mun fi ganin su a kwance cikin miya. Waɗannan kuwa na teku ne, ruwan gishiri suke sha, kuma kowanne kamar tela ne ya ɗinka masa riga. Wani shuɗi, wani rawaya, wata ja-ja mai fararen zobba a jiki. Unguwa ta ɗauka. Har daga ƙauyen Saji aka zo kallo. Wani tsoho ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Alhaji, duk ɗin nan ai ba za su yi miyar mutum ɗaya ba."

Kafin ta koma, Hafsatu ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Ga buhun gishirinsu na musamman, kada a kuskura a sa na girki. Ga tataccen ruwan da za a riƙa sayowa, ban da na rijiya. Ga ɗan ma'auni mai allura da ke nuna ƙarfin gishirin. Ga injin da ke hura musu iska, an haɗa shi da sola. Abinci ɗan kaɗan a kan yatsa. Ta ƙara da cewa, "Baba, kuma duk wanda zai sa hannu a ciki, hannunsa ya zama tas."

Na ce, "Ke Auta, mutumin da ke alwala sau biyar a yini za ki koya wa wanke hannu?"

(Ka riƙe wannan maganar, mai karatu. Za ta dawo ta same ni.)

Abin mamaki, kifayen suka yi abin da bakina ya kasa. Hajiya ta juyo daga bango. Wata rana ina wucewa na ji ta ce, da ƙyar, tana nuna ja-jar nan da hannun hagu, "A... mar... ya." Wai don kamar an yi mata lalle. Na shige banɗaki na yi kukana, na fito na ce hayaƙin murhu ne. Daga nan ta raɗa wa sauran suna. Akwai Mai Unguwa, wani mai ɗaure fuska da ba ya fita daga cikin duwatsu. Akwai Ɗan Baba, shuɗin. Akwai wani mai ƙaton ciki da ba ya rufe baki, ta sa masa Alhaji. Ban yi gardama ba. Ta fara cin abinci da ɗan yawa, ta fara yarda ana ɗaga mata hannu ana motsa shi.

Ni kuma na naɗa kaina sarkin ruwa. Ranar Juma'a ce ranar da 'yan dubiya ke cika gidan bayan an sauko masallaci, don haka da an sallame nake rigan kowa dawowa, in naɗe hannun babbar riga, in zura hannu har gwiwa da ɗan soso in goge gansakukar da ke kama gilashin ta ciki. Ina so baƙi su gan su fes, Hajiya kuma ta ji daɗi.

Sai wata safiya muka tashi, Ɗan Baba yana kwance a ƙasa. Na ce kwanansa ne ya ƙare. Bayan 'yan kwanaki, rawayan ya bi shi. Sannan Mai Unguwa, wanda bai taɓa fitowa ba sai ranar da ya fito a gicciye. Babu rauni, babu ƙurji, babu komai. Yau lafiya lau, gobe su kama haki a saman ruwa, jibi a kwashe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kifayen ba ne. Duk wanda ya mutu, sai Hajiya ta rage loma. Ranar da aka fitar da Mai Unguwa ta ture kwanon kunu, ta dube ni ta ce, "Tare... muka zo... tare za mu tafi." Na ce haba Hajiya, ke da kifi ina haɗi? Ta tsura wa Amarya ido, na kuwa gane abin da take nufi. Ta ɗaura ranta a wutsiyar wannan 'yar kifin. Idan Amarya ta tafi, ban san abin da zan ce wa matata ba.

Na ɗaura ɗamarar bincike. Na kira Hafsatu, ita kuma ta haɗa ni da mutumin da ya sayar mata da su, wani mai haƙuri da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya ce a auna gishiri. Na auna, allura tana daidai. Ya ce ko zafi ne. Na saita musu fanka, ni ina gumi, kifi yana shan iska. Ya ce ko abinci ya yi yawa. Na rage har Alhaji mai ƙaton ciki ya fara kallona da ƙorafi. Ya ce a canja wani kaso na ruwan. Na canja. Sai su warware, su yi kwanaki suna wasa, in fara cika baki a tasha, sai kuma wani ya kife.

Da ilimin Legas ya ƙare, na koma namu na gida. Na fara da kyanwar Hajiya, wadda na kama tana zaune gaban gilashi tana lasar baki. Na sa aka kai ta Saji gidan ƙanena. (Akwatin yana da murfi, kuma ba a taɓa samun kifi da ko ƙwarzane ba, amma mai bincike ba ya tsayawa kan ƙananan abubuwa.) Aka sake mutuwa. Na ce kambun baka ne, mutane suna kallo ba sa cewa tubarkalla. Na tsaya a bakin ƙofa kamar ɗan sanda, duk wanda zai shiga sai ya faɗa da ƙarfi na ji. Aka sake mutuwa. Wannan karon Alhaji ne, takwarana. Ya rage saura Amarya da wani ɗan tsiriri.

A ranar, da nake tsamo gawarsa, na lura da abu biyu. Na farko, yawanci Asabar ko Lahadi suke mutuwa. Na biyu, da na kai hancina bakin ruwan, na ji ƙamshi. Ƙamshin turare. Na buga wa mutumin Legas, ya ce tabbas, hayaƙi ko maganin sauro da ake fesawa yana iya bi ta injin iska ya shiga ruwan.

Shi ke nan, na kama ɓarawo. Wa ke kunna turaren wuta a falon nan don kore warin magani? Yaya Asabe. Har na ce a raina, ga shi kuwa ranar sunanta suke mutuwa.

Sai dai yayar mata ba abokiyar wasa ba ce, ba a tunkararta gaba da gaba. Na fara da harara. Duk lokacin da ta ɗauko kasko sai in kama tari kamar tsohuwar mota. Da na ga Amarya ta fara yin laƙwas, na kasa haƙuri. Na same ta tana wanki na ce, "Yaya, ni kuwa na ce, mutanen Fassi ba sa kewarki? Ga damina ta kawo kai, gona ba kowa."

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To, Alhaji." Da yamma na ga ta ƙulle kayanta a zane ta ajiye a bakin ƙofa. Hajiya ta gani, hawaye suka riƙa zubo mata ta ido ɗaya. Na ce mata don lafiyar Amarya ne. Ta juya fuska bango.

Labari ya kai Kibiya kafin gari ya waye. Ranar Juma'a sai ga Baffa Isa, ƙanen mahaifinsu Hajiya, ya zo daga Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya da sandarsa da mutum biyu a bayansa, wai ya zo jin laifin da Asabe ta yi. Na ce madalla, dama ina neman masu shaida.

Na yi wanka, na zura farar shaddata, na ɗauko kwalbar turarena. A nan dole in tsaya in yi bayani. Tun da muka yi aure ban taɓa sayen turare a kasuwa ba. Hajiya ke haɗa mini nawa na musamman, mai ne mai kauri, kuma duk Juma'a ita ke ɗiga shi a yatsa ta shafa mini a wuyan riga da kafaɗa. Da ta kwanta, sai na koma shafa wa kaina. Ni kuwa ban san ɗigo ba. Tuttulawa nake yi a tafin hannu, in murza, in shafe hannuwa har gwiwa, in bi gemu, don idan na zo kusa da ita ta ji ƙamshin ta san ban daina ba. Liman ma ya taɓa cewa tun ina kwanar tasha yake sanin na taho.

Aka sauko masallaci, falo ya cika. Baffa a kan darduma, Yaya Asabe a rakuɓe kusa da ƙullin kayanta, Hajiya a kujerarta. Na miƙe na gyara murya. Na yi bayanin teku kamar a can aka yanke mini cibiya. Na yi bayanin gishiri, da zafi, da injin iska. Na ce, "Baffa, ni ba na zargin kowa. Amma ku dubi irin wahalar da nake sha a kan bayin Allahn nan." Don su gani da idonsu, na naɗe hannun riga, na zura hannu har gwiwa, na goge gilashin nan ƙwal-ƙwal kamar yadda na saba. Sannan na ɗebo ruwan a kofi na miƙa wa Baffa.

"Sunsuna, Baffa. Ruwan teku ne wannan ko ɗakin amarya?"

Ya sunsuna, ya gyaɗa kai. "Ƙamshi kam akwai shi."

"To alhamdu lillahi. Wa ke kunna turare a falon nan?"

Yaya Asabe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Alhaji, rabona da kasko tun ranar da ka fara tarin nan naka. Ina tsoron kada ka shiɗe a ce ni ce."

Na buɗe baki zan ce hayaƙi yana daɗewa a labule, sai na ji muryar Hajiya. "Ba ni."

Aka miƙa mata kofin. Ta riƙe da hagu, ta kai hanci, ta lumshe ido. Na ga fuskarta ta canja, ta koma irin ta da, lokacin da take zaune cikin kwalabenta.

"Sandal," ta ce. Ta sake shaƙa. "Miski... man kanumfari." Ta buɗe ido. "Ba hayaƙi ba ne. Haɗina ne." Sai ta dube ni. "Alhaji... miƙo hannunka."

Na miƙa, yana ɗigar ruwa. Ta sunsuna. Ta nuna akwatin da haɓa. Duk muka juya. Hasken taga ya faɗo a kan ruwan, ga wani maiƙo ya shimfiɗu a sama yana walƙiya launi-launi kamar bakan gizo, daidai inda na tsoma hannu. A ƙarƙashinsa Amarya ta fara tangaɗi.

Jama'a, na taɓa faɗawa rami da mota cike da buhunan gyaɗa a gaban 'yan kasuwa. Na taɓa yin sallama a gidan makoki da barka. Duk ba su kai wannan ba. Na ji rigata ta yi mini nauyi kamar an jiƙa bargo. Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ya ƙi. Kowace Juma'a, da hannuna, cikin kwalliya, nake zuba musu ajalinsu, Asabar su kama haki, ni kuma in fita neman mai laifi har Saji.

Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "To, Alhaji. Ga alƙali, ga mai ƙara, ga ɓarawo, duk a riga ɗaya. An hutar da mu."

Sai na ji wani sauti da na yi watanni ban ji ba. Da farko na ɗauka sarƙewa ta yi. Ashe dariya ce. Hajiya ce ke dariya da rabin baki, kafaɗarta tana rawa, hawaye na zuba, tana nuna ni tana cewa, "Kyanwa... ya kori... kyanwa!" Yaya Asabe, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba tun ranar ɗaurin aurenmu, ta kifa kai a ƙullin kayanta tana shessheƙar dariya. Ni kuwa ina tsaye hannu a sama kamar wanda aka kama a rumbu, ban san ko in yi kuka ko in taya su ba. Na yi duka biyun.

Hajiya ce ta dawo da mu hayyacinmu. Ta buga hannun kujera ta ce, "Amarya!" Nan fa gida ya hargitse. Aka kira Hafsatu, ta ce a kwashe maiƙon sama da kofi, a canja ruwa da yawa maza-maza. Yaya Asabe ta haɗa sabon ruwan gishiri, baƙin Unguwar Gai suka kama jigilar bokiti, Baffa da kansa ya riƙe ma'auni yana kallon allura kamar mai duban wata. Ni aka ce in tsaya a bakin ƙofa, kada in taɓa ko bokiti. Daga baya mutumin Legas ya ce ai da man kanumfari suke sumar da kifi idan za su yi masa magani, idan ya yi yawa kuma ba ya farkawa. Hafsatu ta ce, "Baba, ba na ce hannu ya zama tas ba?" Na ce layin ba ya ji sosai.

Ɗan tsiririn bai kai labari ba, Allah ya sa iyakar wahalarsa ke nan. Amma Amarya ta yini biyu a laɓe, a na uku ta fito ta karɓi abinci. Hajiya ta kalle ta, ta ce a miƙo mata kwanon tuwo.

Na je na durƙusa gaban Yaya Asabe, gwiwa biyu, da girmana da tumbina. Na ce, "Yaya, na yi kuskure, a yafe mini." Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ta ce, "Tashi, Alhaji. Mutanen Fassi sun ce ba sa kewata." Da hannuna na kwance ƙullin kayanta. Kyanwa kuwa na aika a dawo da ita, ta ƙi. Ƙanena ya ce ta yi ƙiba, ta haihu, kuma idan aka ambaci Rano sai ta bar wurin.

Juma'ar da ta biyo, na yi wanka na zura riga, na kai hannu zan ɗauki kwalbar, na ga ba ta nan. Tana kan cinyar Hajiya. Ta ce, "Zo." Na sunkuya. Ta ɗago hannun daman nan, wanda muka yi ta lallashi ya ƙi motsi, ta tallafe shi da na hagu. Ta ɗiga turaren a yatsa, rabin ɗigon ya zube a zanenta. Ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta kai wuyan rigata, har na ji an fara huɗuba. Ban motsa ba. Ta shafa, ta ce, "Ɗigo ɗaya... ya isa... ɓarnatacce." A sahun baya na yi sallar ranar, cikin rana, a kan takalman mutane, kuma ban taɓa jin daɗin Juma'a kamarta ba.

Yanzu Amarya ta samu sababbin abokai, har da wani mai ƙaton ciki da aka sake sa wa sunana. Yaya Asabe ce ke goge gilashi. Ni an ja mini layi da alli a siminti, daga nan nake gaishe su.

Mutanen da suka ce gwano ba ya jin warin jikinsa sun yi gaskiya, sai dai ba su ƙarasa ba. Mai ƙamshi ma ba ya jin nasa. Shi ya sa yanzu ko taya ce ta fashe a tasha aka fara neman wanda ya jawo, kafin in nuna kowa da yatsa, sai na fara kai yatsan hanci na sunsuna.